Tsohon da Ke Tsallakar da Kifi Titi

Ranar Talata da hantsi ina Yauri, a rumfar masu kayan injin ban ruwa, ina cinikin sabon tiyo, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwata Hajara ce. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, ka taho gida. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna a kan wani buhu ba, tiyon yana hannuna. Mai rumfar ne ya zare shi, ya tsayar mini da ɗan acaɓa. Kafin azahar ina gida, na tarar ana yi masa wanka. Da a ce kafin a yi mana titi ne, da sai dai in iske kabari.

Mahaifina, Malam Umaru, masunci ne ɗan masunta, a wani ƙauye na bakin ruwan Kainji cikin ƙasar Ngaski. Bai yi boko ba, bai taɓa riƙe sarauta ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda ko faɗa bai iya ba. Idan ransa ya ɓaci sai ya jawo raga ya hau ɗinki, ko da babu inda ta yage. Inna takan ce duk ranar da ta ga ana ɗinkin lafiyayyar raga a ƙofar ɗaki, ta san ɗaya daga cikinmu ya yi laifi. A cikin 'ya'yansa shida ni na fi sa shi wannan ɗinki.

A wurin zaman makoki na ji wasu suna cewa marigayi ya yi zamansa yana jin haushin titi. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Babu wanda ya so titin nan kamar Baba. Maciji ya sari ƙanensa Sani a gona cikin wata damina, hanya ta yanke, aka sa shi a kwalekwale za a kai shi asibiti, ya rasu a kan cinyar Baba tun ba a hango Yauri ba. Daga wannan shekara duk tawagar da za ta je roƙon hanya, da shi a ciki. Ranar da motocin aiki suka iso, bandar kifi guda ya kwashe ya kai wa leburori kyauta. Da injiniyoyi suka nemi wanda ya san yadda ruwa ke tafiya a ƙasarmu, dattawa ba su yi shawara ba, shi suka nuna.

A bayan garinmu akwai wata fadama mai kwari da muke kira Maɗaci. Ruwan Kainji da sanyi yake cika, ya biyo wata siririyar ƙorama ya shiga fadamar. Kifi ya bi shi, ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Idan zafi ya shigo, ruwan ya ja da baya ta hanyar da ya zo, 'ya'yan kifin su bi shi zuwa babban ruwa. Titin kuwa a kan bakin wannan ƙorama ya ratsa. Baba ya nuna wa injiniyoyin wurin, su kuma suka sa kwalbati daidai inda ya nuna. Sai dai gindin kwalbatin ya ɗara ƙasan ƙoramar tsawo da kamar gwiwar mutum. Ruwa na shiga lafiya idan ya cika, amma da ya fara ja, hanyar komawa ta toshe tun kifin bai fita ba.

A shekarar farko babu wanda ya lura sai da wari ya iso cikin gari. Na bi Baba muka je. Taɓon Maɗaci ya yi fari fat da 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa, tsuntsaye sun ci har sun gaji. Baba ya dube su, ya ce, "Sun tambaye ni inda ruwa ka bi, na gwada musu. Ba su tambaye ni inda kihi ka bi ba, ni ko ban hwaɗi ba." Ban taɓa jin ya ɗora wa injiniyoyin laifi ba, ko sau ɗaya.

Da shekara ta zagayo, sai ya ari babban daron wankin Inna, aron da har yau ba a mayar ba. Yakan shiga Maɗaci da ƙaramar raga, ya kwashi 'ya'yan kifi ya zuba a daro da ruwansu, ya aza a kai, ya hau gangaren titi, ya jira motoci su wuce, ya gangara ɗaya ɓangaren ya juye a ƙorama. Ya dawo ya sake. Haka zai yi ta yi daga safe har rana ta take, kullum, har sai kwarin ya ƙafe. Direbobi suka sa masa suna Kwandastan Kifi, suna danna masa ham suna tambaya ko da sauran wuri. Shi ma dariya yake yi, ya ce musu, "Nawa hwasinjan ba su gardamar canji." Sau uku yana zuwa ofishin masu aikin titi a kan a sauke kwalbatin ƙasa. Aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi kujera da ruwan sanyi, ya dawo ya ci gaba da ɗaukar daronsa.

Daga nan sai injinan ban ruwa suka zo, ni kuwa ina cikin na farko da suka samu. Ba zan yi wa noman rani butulci ba. Tunda ga titi, albasarmu tana isa kasuwa ba ta ruɓe ba. Da ita muka rufa kwano, da ita Hajara ta yi karatu, da ita aka yi wa Inna aikin ido. Amma duk a Maɗaci muka jefa tiyo, don nan ne kusa. Kwarin da kan yi wata biyu yana ja a hankali, sai ya koma ƙafewa cikin 'yan kwanaki. Shanun Fulani suka rasa mashaya. Masu kwalekwale suka fara dawowa da abin da bai kai na miya ba. Ƙafar tsoho kuma ba ta da saurin inji.

Bai ce wa kowa ya daina noma ba. Sai ya bi gida gida yana karɓar tsofaffin gidajen sauro, ya yayyanka, ya ɗaura a bakin kowane tiyo don kada inji ya zuƙe ƙananan kifi. Idan ya ga wani zai wanke tulun feshi a fadama, ba ya tsawa, sai ya karɓa ya ɗebi ruwa a bokiti ya kai can tudu ya wanke masa da hannunsa. Kunya ta hana mutane da yawa sake yi. A ƙarshe ya kafa turke a tsakiyar kwarin, ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya roƙi abu guda: idan ruwa ya sauko daidai ƙyallen, a kashe injuna mako ɗaya, ya samu ya kwashe abin da zai iya.

A kan wannan mako ɗaya muka saɓa. Ni mutum ne mai saurin baki, kowa ya sani. A gaban manoma na ce masa, "Baba, albasa ba ta kwana bakwai ba ruwa. Kihin da bai kai yatsa ba za ku hihita bisa abin da ka ciyar da gidanga?" Ya dube ni ya ce, "Bello, kai ma ba ka kai yatsa ba sa'ad da munka hwara wahala da kai." Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa na tafi ina huci. Da yamma na wuce ƙofar ɗakinsa na ga raga a kan cinyarsa. A wannan shekara na kashe inji kwana biyu, a na uku na tayar. Tunda ɗansa ya tayar, sauran ma suka tayar. Haka muka riƙa yi kowace shekara.

Bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi daidai lokacin da ruwa ya fara ja. Kwana uku kafin rasuwarsa na shiga gaishe shi bayan la'asar. Ya ce, "Ruwa ya kai ina?" Gaskiyar magana ruwan ya sauka ƙasa da ƙyallen tun shekaranjiya, ni kuma na bar injina yana aiki. Na ce, "Da saura, Baba. Bai kawo ba tukuna." Iska tana kaɗowa daga fadama. Ya ce, "To, madalla. Ina jin injinka daga nan." Ya juya ya fuskanci bango. Wannan ita ce magana ta ƙarshe tsakanina da mahaifina, kuma ƙarya na yi masa a cikinta. Ina faɗa ne a fili don ta hana ni sukuni.

Washegarin addu'ar uku na kashe injin, na shiga wurin Inna na ce ta ba ni daron. Ta dube ni, ta nuna bayan ɗaki. Manoma huɗu suka kashe nasu suka biyo ni da bokitai. Sauran ba su kashe ba, kuma ba ni da bakin yi musu magana. Abin da ya rage a kwarin bai fi faɗin tsakar gida ba, ruwan ya yi ɗumi, rabin kifin sun riga sun juya ciki sama. Na cika daron, aka aza mini. Ban kai rabin gangaren titi ba wuyana ya fara rawa, ƙafata tana zamewa a kan tsakuwa. Ni da ƙarfina, sahu shida na yi na zauna a bakin kwalta ina haki. Shi kuwa ya haura shekara saba'in da haihuwa yana wannan hawa, wuni guda, shekara da shekaru, ina can gefe ina gyara tiyo ina kallonsa. Ban taɓa karɓar masa ko sahu ɗaya ba. A nan bakin titi na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ya Allah, ga bawanka Umaru ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ji tausayinsa fiye da yadda ya ji tausayin ƙananan halittunka da ba su san sunansa ba. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, ka haɗa kan 'ya'yansa da jikokinsa, ka saka wa duk wanda ya tako ko ya aiko da ta'aziyya. Ni kuma da na makara, ya Allah, ka yafe mini, ka ba wuyana ƙarfin ɗaukar abin da ya bari. Amin.