Taurari Ba Su da Ɗan Aike

Yau shekara uku da rasuwar kakata, kuma tun safe na kasa karatu.

Ina tuna wata magariba a Utai, tana gasa mini masara, hayaƙi yana shiga idona. Da ƙyar na gaya mata abin da na karanta: saboda faɗin sama, tauraro yakan fashe amma mu yi shekaru muna ganinsa lafiya lau.

Ta yi dariya. "Kai, maigidana! Su ba su da ɗan aike ne?"

Wasiƙar rasuwarta sai da ta kwana tara kafin direban motar siminti ya kawo mini makaranta. Duk kwanakin nan ina yayyafa wa goron da na saya mata tsaraba ruwa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka, Ya sada mu ba makara.