Wa Zai Ɗaura Warkin Baba?

Ko yau in na ji ƙanshin fatar da aka jeme da bagaruwa, sai in ga warkin babana rataye a zaurenmu na Illela. Ku yaran yanzu ba ku san warki ba. Fatar akuya ce da ɗan kokawa ke ɗaurawa a ƙugu. Na Baba ya sha mai da gumi har ya yi baƙi ƙirin, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin bayan Baba a ƙasa ba.

Sai gwiwa ta ci amanarsa. Ba ma a fage ba, wai saukowa daga rumbu! Ga gero ya shigo gida, ga mutanen Ƙwanni sun aiko da goron gayyata, suna nan tafe da gwaninsu. Nan fa gari ya ɗauka: wa zai ɗaura warkin?

Kwana uku ana gardama a zaurenmu, muna ji har tsakar gida. Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba na zaune ya miƙe ƙafa, ana zancensa kamar an riga an kai shi. Wasu na son ɗan maƙeri, wani ƙato mai wuya kamar turmi. Wasu na son ƙanen Baba, Baffana. Kowa ya san Baffa ya fi dabara, turaku ne suka ɓata lissafi. Ba da daɗewa ba Turawa suka bi daji suna kafa turakun ƙarfe, wai nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransi. Tungar da Baffa ke noma, wadda muke zuwa mu dawo tun fura ba ta yi tsami ba, sai ta faɗa can.

Maƙeri ya ce, "Mi za mu yi da ɗan Faransi? In ya kada, Ƙwanni su ce nasu na. In anka kada shi, kunya tamu ta."

Makaɗin Baba ya ce, "Ɗanka dai ƙarfi gare shi. To, jaki ma na da shi!"

Aka kwashe da dariya, maƙeri ya tashi ya kaɗe riga, da ƙyar aka lallaso shi. Amma maganar ba ta dariya ba ce. Mun ji cewa Ƙwanni ma sun aika wa Baffa, in Illela ba ta so, su suna so. Ke nan zai shigo fage da gangar wasu, ya tsaya gaban gidan ubansa a matsayin baƙo. Wannan shi ne ya hana Baba cin abinci, ba ciwon ƙafa ba.

Rana ta uku kakata, uwar Baba da Baffa, ta leƙa zaure da tabarya a hannu. Ta ce, "Nasara ya kafa ƙarfe tsakanin gonaki, na gani. Wa yag ga ya kafa tsakanin nonona?" Baba ya ce a miƙo masa warki, a ɗora shi kan jaki, ya tafi tungar da kansa.

Ranar kokawa, da la'asar sakaliya, fage ya cika maƙil, Baffa ya fito da warkin a ƙugu. Kuna jira in ce ya yi nasara ko? Ina! Sun daɗe suna kai-komo, can gwanin Ƙwanni ya sa masa ƙafa, ji kake tim. Ganga ta yi shiru. Na fashe da kuka. Sai ga maƙeri, shi ɗin dai, ya ɗora hannu a ka yana ihu, "Wayyo, an kada mu!"

Baba ya juyo ya ce, "Mi kac ce? Mu?" Ya yi ta dariya, hawaye na zuba. Daga ranar ban sake jin an kira Baffa ɗan Faransi ba.

Yanzu jikokina na kewaye rediyo suna musun wanda zai maye gurbin wane a ƙwallo, mutanen da ko fuskarsu ba su taɓa gani ba. Warkin ya ruɓe tuni. Jikokin Baffa kuwa sai an tsayar da su bakin iyaka kafin su zo gaishe ni. Kwanan baya ƙaramin jikana ya sheƙo da gudu ya ce, "Kaka, kin yi baƙi 'yan Nijar." Na ce ya koma ya sake faɗa, ya ce mutanenmu sun iso.