Fankar da ta danne muryar Baba

Har yau in na tuna mai shagon kwamfutar nan na unguwar Albarika sai raina ya ɓaci. Takanas na taso daga Djougou zuwa Parakou don ya haɗa mini kwamfutar da zan ɗauki muryar mahaifina. Baba ya tsufa, muryarsa ta yi ƙasa, kuma shi kaɗai ya rage da ya san labarin fataucin goro na kakanninmu. Abu ɗaya na roƙa: kada fankar da ke sanyaya cikinta ta yi ƙara.

Ni mutum ne mai yawan fargaba, na yi ta maimaita tambaya har ya fara dariya. Ya kunna ta ya ce, "Malam, kawo kunnenka. Ka ji wani abu?"

Yaya zan ji? Janaretan maƙwabcinsa na ruri, babura na wucewa. Na ce mu shiga ciki mu rufe ƙofa. Ya ce, "Haba Malam, ko likita ba ya bincike haka!" Kunya ta kama ni, na ɗauka.

A ɗakin Baba, inda babu hayaniya, sai ga ta tana gurnani kamar injin niƙa. Na so in mayar, Baba ya ce, "Kunna, yau nake jin ƙarfi." Ya yi ta magana har la'asar. Daga baya tari ya kama shi, bai sake iya dogon zance ba.

Yanzu sai na manna kunne nake tsinto sunayen garuruwan da kakanninmu suka bi. Rabinsu fanka ta cinye.