Dahiba da Bangon da Aka Yanke

A Tinarti, ƙauyenmu na bakin Nilu, da wuya ka nuna mutumin da bai faɗo a hannun Dahiba ba. Ungozoma ce, gajera, mai kaifin harshe. Mijinta Fikri ya yi shekaru yana dafa wa wasu abinci a Alƙahira, ya dawo da ciwon ƙafa da ɗan akwati, ita kuwa ta riƙe gida da dabinon gado da 'yan awakinta.

Bayan gari akwai tsohuwar coci ta tubalin laka, wadda kakanninmu suka gina tun kafin Musulunci ya iso mu. Yashi ya haɗiye ta har wuya, sai ta wata kafa ake rarrafawa a shiga. A bangon ciki akwai zanen Maryama riƙe da jaririnta, kusa da ita wata gimbiya baƙa kamar mu. Duk macen da naƙuda ta yi wa tsanani, Dahiba kan shiga ta shafo ƙurar bangon ta goga mata a goshi. Liman ya sha yin wa'azi a kai.

"Allah gafarta Malam," in ji ta, "ran da matarka ta durƙusa, ni aka kira ko kai?"

Bai ƙara tayar da zancen ba.

Sai labari ya zo cewa ana gina madatsa can arewa, ruwa zai cinye gari da gonaki, za a kwashe mu zuwa wata ƙasa mai nisa. Kafin mutane su gama haɗiye wannan, Turawa suka sauka da tantuna. Ba don mu suka zo ba, don cocin suka zo. Suka ɗauki mazan gari aikin kwashe yashi, har da Shallali, ɗa ɗaya tilo da ya rage wa Dahiba. Da farko ta ji daɗi, don a karon farko ta ga ginin tsaye a fili, da bakunansa da ginshiƙansa, ta ce ashe kakanni ba ƙananan mutane ba ne.

Wata safiya ta kai wa ɗanta shayi da gurasa, ta tarar an manna wa fuskar Maryama ƙyalle da kakin zuma, wani Bature yana bin bayan zanen da siririn zarto. Shallali ne ke tallafe da katakon da za a kwantar da shi.

"Kai, me nake gani haka?"

"Inna, ceto ta za a yi. Ruwa zai zo."

"Ruwan ni ba zai zo mini ba? Ina za a kai ta?"

Tafintan Turawan ya matso yana murmushi, ya ce babban birni za a kai ta, inda duniya duka za ta gani, don wannan dukiyar ɗan Adam ce gaba ɗaya.

"Ɗan Adam ɗin nan, yau na fara jin labarinsa," ta ce. "Shekarun da nake share mata yashi da tsintsiyata, yana ina? Ka gaya wa maigidanka ya yi sallama kafin ya yanki bangon mutane."

Tafinta bai fassara ba. Ta dire butar shayin a ƙasa ta wuce gidan mai gari. Ta same shi a zaure, ta ce tunda ana iya ɗaga bango, to a ɗaga mata uwarta da 'ya'yanta biyu da ke maƙabarta. Mai gari ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, na tambaya. Sun ce kaburbura ba sa cikin tsari."

"Na cikin coci fa? Jiya na ga ana jera ƙasusuwan wani limaminsu cikin auduga."

"Wancan tsoho ne, Gwaggo."

"To uwata ta yi laifin mutuwa da wuri-wuri kenan, ba ta tsufa a ƙasa ba."

Aka naɗe zanen da barguna, aka sa a akwati, maza suka ɗauka a hankali kamar mai jego, aka shigar da shi jirgin ruwa mai rumfa. Mu kuwa da ranarmu ta zo, a filin tashar jirgin ƙasa aka zube mu da tabarmi da awaki. Fikri ya wuni cikin rana da kumburarriyar ƙafa, ba inuwa, ba wanda ya tambaye shi. Dahiba ta tsaya a kansa ta baza mayafinta, ba ta daina magana ba har jirgi ya tashi.

Sabon garin fili ne na baƙar laka, gidaje iri ɗaya a jere, rufin kwano, ba kogi, ba dabino ko ɗaya. Mutanen da ba su saba da ruwan sama ba suka kwana da tsawa a ka. Fikri bai ga ƙarshen daminar farko ba. Dahiba ta ci gaba da karɓar haihuwa, sai dai jaririn da a da ake kaiwa kogi a wanke masa fuska, yanzu a ruwan magudanar gonaki mai jan ƙasa take wankewa, tana yi tana tsaki. Ta daɗe ba ta cin abincin da Shallali ya saya. Sai da matarsa ta haihu a hannunta ta sauko, shi ma ba duka ba.

Bayan wasu shekaru manya suka zo daga birni da mai ɗaukar hoto, ana son a nuna yadda muka ji daɗin sabon wuri. Aka jera tsofaffi a gaban gidaje, aka sa Dahiba a tsakiya saboda furfurarta.

"Hajiya, ɗan yi murmushi," in ji mai hoton.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafi, ta juya masa baya. Mai gari ya roƙe ta, Shallali ya roƙe ta, ba ta motsa ba. Sauran matan suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya su ma suka juya. Manyan suka tsaya ɗan lokaci suna gyaran murya, sannan suka shiga motarsu suka nufi ƙauye na gaba.