Kawu Kashe-Kunna da Sikanonin Hawa na Uku

Ku gyara zama ku ji labarin wani bawan Allah da duk ma'aikatarsu ba a san shi da wani suna ba sai Kawu Kashe-Kunna. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk wanda ya kira shi cewa kwamfuta ta ƙi, kafin a kai ƙarshen bayani zai ce, "Kashe ka kunna tukuna, ga ni nan zuwa." Kuma yana zuwa ɗin. Shekara goma sha tara ya yi yana hawa da sauka a benen wani kamfanin inshora mai hawa shida, jakar faya-fayai a kafaɗa, yana bin tebur-tebur yana sa manhaja da hannunsa. In sabuwa ta fito sai ya yi sati uku bai gama zagaye ba, kuma ko a jikinsa, don a zagayen nan ne ake ja masa kujera, a haɗo masa shayi, a ba shi labarin wanda aka ƙara wa girma da wanda aka yi wa haihuwa. Ya san mai ɓoye takalmanta a bayan inji, ya san mai manna kalmar sirrinsa a ƙarƙashin madannai.

Kwatsam kamfani ya sauya tsari. Aka kwashe injinan da ke ƙarƙashin tebura, aka bar wa kowa allo da madannai da linzami. Ainihin kwamfutar kowa ta koma cikin wasu manyan na'urori a ɗaki mai sanyi can ƙasa, sai mutum ya shiga da sunansa ta bayyana a allonsa. Wadda aka ɗauko don aikin wata matashiya ce mai tabarau, ana ce mata Injiniya. Ita ta gina kwafi guda da take kira uwa, wadda kwamfutoci ɗari biyar da ɗoriya ke fitowa daga jikinta. In sabuntawa ta zo, uwar kaɗai za ta taɓa, ta rubuta umarni, ta sa masa rana da lokaci. Mutane su zo da safe su tarar da sabon abu, ba wanda ya matsa daga kujerarsa.

Wayar teburin Kawu ta yi tsit. Har ɗaga kanta yake ya kara a kunne, ya ji ko ta lalace. Ranar da ya ji wani akawu a lif yana cewa, "Kai, Allah ya yi wa Injiniya albarka, yanzu ba jira," sai ya sauka a hawan da ba nasa ba, ya ƙarasa da ƙafa. Akawun nan fa sau biyu Kawu yana ceto masa aikin wata guda da ya goge da hannunsa.

Abin haushin, yarinyar ba ta da aibun da zai kama. Kullum sai ta gaishe shi har da rusunawa. Da ma tana da girman kai, da ya samu abin faɗa.

A gida matarsa ta gaji da jin zancen.

"Wai me ta yi maka ne, maigida?"

"Danna maɓalli ɗaya shi ne aiki? Ni gwiwoyina na ba kamfanin nan."

"To ai ta hutar da gwiwoyin. Kai ne fa kullum ke sa ni dafa maka ruwan gashi."

"Ke ma kin koma bayanta ke nan."

"Ni ban ma san kalarta ba. Ci abincinka, kishi ba ya ƙosarwa."

Ana haka Manaja ya kira Kawu da Injiniya. Ya ce sashen ba ya buƙatar mutum biyu a sama. In babbar sabuntawar ranar Laraba ta wuce lafiya, Kawu zai koma sito ya riƙa kula da tsofaffin injinan da aka kwashe. Sito kuwa ɗaki ne mara taga a bayan wurin ajiye motoci, ba mai leƙa shi sai mai shara. Kawu ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Injiniya tana da tsarinta. Ba ta sakin sabuntawa ga kowa lokaci ɗaya, sai ta fara gwadawa a kan mutum goma, in kwana biyu suka wuce ba ƙorafi sannan ta saki ga sauran. Ranar Litinin ta miƙo masa takardar mutum goman.

"Kawu, duba mini ko akwai gyara."

Kallo ɗaya ya yi wa takardar ya gane. Duk matasa ne na hawa na biyar, masu aiki da allo kaɗai. Ba ko mutum ɗaya daga hawa na uku, sashen ajiyar takardu, inda Gwaggon Fayil da mutanenta ke aiki da wasu tsofaffin sikanoni guda tara masu ɗaukar hoton takardu. Sikanonin nan Kawu ya san halinsu kamar 'ya'yan cikinsa. Ƙaramar manhajar da ke haɗa su da kwamfuta tsohuwa ce tukuf, duk sabuntawar da ta bi ta kanta sai sun yi yaji. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, a kansa kawai yake.

Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya tuna sito, ya tuna akawun lif. Ya mayar mata da takardar.

"Ai ke ce Injiniya. Mu namu ido."

Laraba ta zo. Ƙarfe bakwai na safe umarni ya tashi da kansa, ya bi kwamfutoci ɗari biyar. Kawu ya zo da wuri, ya goge takalmi, ya ɗora jakarsa a kan tebur kusa da hannu. Takwas da kwata wayar ta yi ƙara, har sai da ya zabura.

"Kashe-Kunna! Kana ina?" Muryar Gwaggon Fayil ce. "Sikanonin nan duk sun mutu, ga takardu jibge har rufi!"

"Kashe ki kunna tukuna, Gwaggo."

"Na kashe na kunna har sau uku, ɗan nema! Taho!"

Daɗi ya rufe shi har ya ji kunyar kansa, amma kunyar ba ta hana shi saɓa jaka ba. Bai jira lif ba. Ya kama matakala yana lissafi: sikana tara, kowace awa guda, yini cur ke nan yana gyara a gaban mutane, Manaja ya zo ya gani da idonsa. A hawa na biyu ya tsaya ya dafa bango ya yi haki, ya ci gaba.

Yana tura ƙofar hawa na uku ya ji ƙugin sikanoni, duka tara, suna zuƙar takarda.

"Ka makara," in ji Gwaggo, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Yarinyar nan ta kira ta ce mu fita mu sake shiga. Wai ta mayar da mu kan kwafin jiya. Minti huɗu! Kai da yanzu kana neman tabaranka. Yi haƙuri, ba shayi yau, aiki ya yi yawa."

Ya tsaya da jaka a kafaɗa, gumi sharkaf, ba wanda ya ja masa kujera.

Da ya sauko ya tarar da Injiniya ita kaɗai a ofis. Ta dube shi, ta dubi jakar.

"Kawu, da ma ka sani ko?"

Ya sauke jakar a kan tebur.

"Wata shida ban ga jakar nan ta sauko daga ƙusa ba, sai yau da sassafe."

Sai ga Manaja ya faɗo, fuska a murtuke, yana tambayar yadda aka yi hawa guda ya tsaya. Kawu ya dubi Injiniya. Kalma ɗaya za ta faɗa, ko siton ma ya gagare shi.

"Kuskurena ne, ranka ya daɗe," in ji ta. "Na zaɓi 'yan gwaji ban san benen nan ba. Umarni ba ya sanin wa ke da tsohuwar sikana, wa ke da firintar da sai an lallaɓa. Kawu ne ya sani. In aka kai shi sito, haka za mu riƙa yi duk wata. A bar masa zaɓen 'yan gwaji da zagayen jin ƙorafinsu."

Manaja ya ce shi ke nan, a yi hakan, amma kada ya sake ji. Ya fita.

Kawu ya zauna a hankali. Sito dai ya wuce shi, amma da bakinta aka cece shi, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Ta fi shi iya aiki, ga shi yanzu ta fi shi hali, kuma ba wanda zai iya kai wa wannan ƙara.

Ta turo masa farar takarda da biro. Ya ja, ya rubuta Gwaggon Fayil a lamba ta ɗaya, ya bi da mai firintar hawa na shida, da mutumin nan da ba ya fita daga kwamfutarsa ko zai tafi hutu.

"Goma ba za su isa ba," ya ce, bai dube ta ba. "Sha biyar za a sa."

"To, Kawu."

"Kuma minti huɗun nan da ake ta yayatawa, ni na duba agogo. Shida ne."