Yadda Kunya Ta Hana Ni Tsamo Surukata

A farkon zaman Nasara a Sakkwato ni matashi ne mai ƙarfi, shekara biyu da aure, aikina kuwa tsamo mutane daga gulbi. Ban yi karatu ba, ban kuma iya dogon zance ba. Maƙwabcina ne ke rubuta wannan, na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya sa sunan kowa.

Idan damina ta yi nisa gulbi ya cika, duk mai gonar shinkafa a ƙetare sai da jirgi. Sarkin Ruwa yakan zaunar da mutum biyu ƙasa da mashigi, inda ruwa ya fi ja, kowa da babban goransa. Ba ma tuƙi, ba ma su. Idonmu na kan jirgi daga wannan gaɓa zuwa waccan, in wani ya faɗa mu bi shi. Abin da ya koya mana ba shi da yawa. Kada ka zo wa mai nutsewa ta gaba, zai riƙe ka ku tafi tare. Zagaya ta bayansa, ka saƙa hannu ta hammatarsa, ka rungumo ƙirjinsa, ka ɗora shi kan gora. Ya kuma ce jiki ake kamawa, ba tufa ba, tufa kwancewa take yi. Da haka na tsamo maza da mata, ban taɓa kuskure ba, har ina jin kaina.

Uwar matata tana da 'yar gonar shinkafa a ƙetare, gadon mijinta. Ita ce ta tsaya aka ba ni ɗiyarta lokacin da ƙannen mijin suka ce ba za su ba mai ƙarnin kifi ba. An gaya mini ta ce musu su masu ƙyamar ƙarnin, in an kawo kifin har ƙaya suke tsotsewa. Tun da aka ɗaura auren ban taɓa kallon fuskarta sosai ba. In na hango ta a lungun Ƙofar Atiku sai in saki hanya, in ba wurin saki in tuɓe takalmi in durƙusa, kai ƙasa, har ta wuce. Ita ma ba ta kiran sunana. In ta zo mashigi sai ta ja mayafi, ta ce wa matan da ke tare da ita, da ƙarfi yadda zan ji, a faɗa wa tarwaɗun nan biyu na bakin gaɓa ta ajiye musu fura gindin itace, ramammen ya fi sha, tunda ga alama ɗiyarta ba ta ba shi abinci. Abokin zamana ne ke amsa mata, ni sai in duba ruwa. Mun ma yi shiri da shi cikin raha, in tawa surukar ta faɗa shi zai bi ta, in tasa ce ni zan bi.

Ana cikin yankan shinkafa Nasara ya ce a sare hanya. Dogarai suka zo bakin gulbi suka kwashi majiya ƙarfi, har da abokina da matuƙan jirgi biyu. Sarkin Ruwa ya ce musu ruwa bai sauka ba, suka ce ba su aka aiko su ji wannan ba. Ya bi su birni yana roƙo. Aka bar ni ni kaɗai a gaɓa, jirgi kuma a hannun wani tsoho.

Kwana na uku, da hantsi, jirgi ya taso daga ƙetare da mata da dammunan shinkafa. Ya kai tsakiya sai wani kututture da ruwa ya kwaso ya buge shi. Bai kife ba, ya dai karkata, mace ɗaya ta zame. Kafin a yi kururuwa na riga na faɗa da gorana. Na yanki ruwa na tare gabanta, lissafina bai ɓaci ba. Sai da na zo kusa ta ɗago, na ga ita ce. Ita ma ta gan ni. Mayafinta ya tafi, kanta a buɗe. Ba ta miƙo hannu ba. Ta kau da kai, hannunta ɗaya ya koma riƙe zane a ƙirji. Na zagaya ta bayanta yadda aka koya mini. Ga hammatar, ga hannuna, ba abin da ya rage sai in rungume ta. Hannun ya ƙi. Ba zan ce na yi tunani ba, jikina ne ya ja da baya kamar yadda ya saba a lungu. Sai na kama bakin zanenta na ja. Ya kwance. Duk abin bai kai numfashi biyu ba. Na saki gora na nutsa, na sake nutsawa, har jini ya fito mini ta hanci, ban taɓa komai ba sai ruwa da laka. Washegari da la'asar masunta suka same ta can ƙasa, ta maƙale cikin ciyawa.

A wurin zaman makoki kowa yabona yake yi. Wai na yi iyakar yi, kwana ne ya ƙare. Matan jirgin sun ga na nutsa, ba su ga abin da hannuna ya yi ba. Sarkin Ruwa kaɗai ya ja ni gefe. An gaya masa da zane na fito. Ya tambaye ni ta ina na kama ta. Na sunkuyar da kai. Ya dube ni, ya ce Allah ya jiƙanta, bai ƙara tayar da zancen ba har ya rasu. Matata kuwa ita ke ba ni haƙuri, tana dama mini kunu saboda ƙirjina. Wannan ya fi komai ciwo. Na ci gaba da aiki, na tsamo wasu da yawa, ba wanda ya rage mini nauyin nan.

Shekaru suka wuce, na fara furfura, sannan na je wurin wani malami a cikin birni na faɗa masa. Na ɗauka zai ce kunyar da na ji tana da lada ko kaɗan. Ya ce mini uwar matarka muharramarka ce, kamar uwar da ta haife ka, addini bai taɓa hana ka riƙe ta ba. Ya ce ko da matar wani ce, ceton rai wajibi ne, al'ada ce ta riƙe mini hannu. Ya ce in yi ta istigfari da sadaka, in kuma sanar da mai haƙƙi.

Na sami matata tana sheƙe gero a tsakar gida, na faɗa mata a tsaye, ban rage komai ba. Ta ajiye ƙwaryar. Abu ɗaya ta tambaya, ko Inna ta gane ni ne. Na ce ta gane. Ta ce to ai ita ma ba za ta ba ka hannu ba. Sai ta shiga ɗaki. Kwana uku abinci kawai ke haɗa mu. A na huɗu ta ce ta yafe nata, na uwarta kuwa ba a hannunta yake ba, sai mun je can.

Abin da na sani yanzu ke nan. Ban ce a bar kunyar surukai ba, har gobe in na ga dattijuwa ina sunkuyawa. Amma wurin kunya tudu ne, ba cikin ruwa ba. Ku masu zama bakin ruwa, da duk wanda Allah zai sa rai a gabansa, a wuta ko a rijiya ko a gulbi, ku yanke wannan shawara tun kuna bushe, domin a cikin ruwa ba lokacin shawara. Ku mata, ku faɗa wa juna, in an zo ceto a miƙa hannu ko wane ne. Da na rungume ta, iyaka mu ƙara jin nauyin juna, ta daina zuwa mashigi, 'yan unguwa su yi mana dariya wata ɗaya. Da ta ga jikokinta. Ku sa ta a addu'a, ni ma ku sa ni.