Sunan da Kaka Ba Ta Faɗi

A tashar Dogon Dutsi wani mutum yana tsugune gaban wata tsohuwa mai jiran motar Lugu. Tabaransa ɗaure yake da zare, littafinsa cike da sunayen magabata. Da gani, tarihin gidansu yake rubutawa.

"Kaka, ke kaɗai kika rage da kika san shi. Ɗanki da ya rasu kafin a haifi babana, yaya sunansa?"

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba angona, ɗan fari ne fa! Yana raye ban kira sunansa ba, sai yanzu?"

Amma mayafin yana motsi a hankali bisa leɓɓanta. Shi kuwa ya ƙura masa ido, alƙalaminsa a kan layin da babu komai.